Ruwa na shiga tsohuwar motar tafi-da-gidanka, ta ina zan fara nema?

Abban_Hanifa
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan motocin nan na tafi-da-gidanka. A watan Agusta na sayi wata tsohuwa a nan Jamus, ƙirar 1996, an ɗora ɗakin a kan Fiat Ducato mai injin dizal 2.5, irin mai gado a saman kan direba. Inji lafiya lau, giya lafiya lau. Tun da ruwan Oktoba ya kankama abubuwa biyu suka hana ni sukuni. Na farko, duk sanda na buɗe ƙofa warin funfuna ke tarbata, kuma a kusurwar hagu ta gadon saman akwai tabo ruwan ƙasa da ya fara saukowa. Na danna wurin da babban yatsa, sai na ji bangon ya lotsa. Ƙasan katifar ma a jiƙe yake. Na biyu, famfon ruwa, wato ɗan injin da ke turo ruwa daga tanki, yana tashi shi kaɗai cikin dare, ya yi dirrr ya tsaya, alhali ba wanda ya taɓa komai. Maƙwabcina ya ce in hau sama in bi duk wata mahaɗa da silikon. Kafin in yi, na ce bari in ji ta bakinku. Yara sun ƙwallafa rai a kan motar nan, ba na so ta lalace a hannuna.

Sarkin_Tasha92
Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka ya faɗa maka gaskiya. Silikon kwalba biyu ko uku, ka bi rufin kakaf, magana ta ƙare.

Kafintan_Leeds
Don Allah Abban Hanifa kada ka kai silikon kusa da motar nan. Sarkin Tasha ka yi haƙuri, ba raina shawararka na yi ba, amma na sha kankare shi daga rufin motocin mutane. Farko yana kamawa tsaf, daga baya ya ɗago ta gefe, ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya kwanta. Babbar illar ita ce inda silikon ya taɓa, babu wani gam da zai sake kamawa sai an kankare an goge tas, har shi kansa sabon silikon ba ya kama tsoho.

Kafin maganar abin da za a shafa, sai an san wane ruwa ne. Ruwa uku ke jiƙa irin wannan mota: na sama da ke shigowa daga waje, na tanki da bututu da ke yoyo a ciki, da raɓar da numfashi da girki ke tarawa a bango mai sanyi. Kowanne da maganinsa. Abin da ka kwatanta ya nuna mini kana da aƙalla biyu, domin famfo ba ruwansa da gadon sama, babu bututun da ya hau can.

Kuma ka sani, inda tabo ya bayyana ba lallai nan ruwan ya shigo ba. Yakan shiga ta tagar rufi, ya bi katako a ɓoye, ya je ya ɓulla a kusurwar da mota ta karkata. Ka lura da yadda kake ajiye ta, gaba ne ya yi ƙasa ko baya.

Maman_Ilham
Ni maganar katifar ce ta tsaya mini. Tamu ma haka ta riƙa yi, muka ɗauka rufi ne, ashe raɓa ce. Gadon saman nan shi ne wuri mafi sanyi a motar, iska na bugunsa ta sama da ƙasa da gaba. Mutum biyu su kwana a rufe, da safe ka ɗaga katifa ka ga katakon ya yi sharkaf. Ga girki kuma. In na ɗora shinkafa da miya taga a rufe, sai ka ga ruwa na gangarowa a gilashi. Ba tururin tukunya kaɗai ba, gas ɗin kansa in ya ƙone ruwa yake fitarwa, kilo ɗaya yana ba da fiye da lita ɗaya da rabi. Mun shimfiɗa wata raga mai kauri ƙarƙashin katifa don iska ta ratsa, muna barin tagar rufi a ɗan buɗe, in mota za ta daɗe a ajiye kuma mu jingine katifar a tsaye mu buɗe duk kabad-kabad. Shi ke nan ta bushe. Amma bango mai lotsawa kam, Yaya, wannan ya wuce raɓa.

Baban_Zongo_HH
Ɗan'uwa zan faɗa maka abin da ba ka so ka ji. Motocin shekarun nan yawancinsu fatar waje alminiyom ne siriri, ciki firam na katako, tsakani farin soso, sai fale-falen katako na ado. In har yatsa ya lotsa bango, katakon ciki ya daɗe da ruɓewa, ba ruwan bana ba ne. Abin da kake gani ƙaramin yanki ne na ɓarnar. Na ga waɗanda suka buɗe kusurwa ɗaya suka ƙare da sauke gaban ɗakin gaba ɗaya. Sannan dizal ɗin 1996 ba ta samun koren tambarin shiga tsakiyar birane irin su Berlin, Köln da Dortmund. Ni da ni ne, sayarwa zan yi tun injin na da daraja.

Abban_Hanifa
Na gode ƙwarai. Maman Ilham, tun tsakiyar Satumba ba wanda ya kwana a ciki, kuma tabon ƙaruwa yake bayan kowane ruwa, don haka na fi zargin waje. Malam Kafinta, gabanta ne ya ɗan yi ƙasa, kuma ta karkata hagu. Baban Zongo, na san da maganar tambarin tun kafin in saya. A ƙauye nake, tafiyarmu kuma ta daji da bakin teku ce. Yaya zan gane iyakar inda ruwan ya kai ba tare da na farfasa bango ba?

Kafintan_Leeds
Ka sayi na'urar auna danshi, ba ta da tsada, ana samu a duk shagon kayan gini. Akwai mai allura biyu da ake sokawa, akwai wadda ake ɗorawa kawai. Mu nan Ingila da ita ake duba ɗakin mota kowace shekara, kuma ma'aunin da masu aikin ke bi shi ne: ƙasa da kashi 15 cikin ɗari lafiya, 15 zuwa 20 a sa ido, ya haura 20 a bincika, ya kai 25 zuwa 30 ruwa na shiga, sama da 30 kuwa a sa ran katako ya lalace.

Kada ka auna wurin tabon kaɗai. Ka bi kewayen kowace taga, musamman kusurwoyin ƙasa, kewayen tagar rufi, cikin kabad na sama inda bango ya haɗu da rufi, bayan kujeru, da daɓe kusa da tayoyin baya. Ka manna 'yar takarda ka rubuta lambar a kowane wuri. Inda lambobin ke ta hawa, can ruwan ya fito. In allurar ta taɓa ƙarfe ko sukuru za ta ba ka lambar ƙarya, sai ka matsa gefe ka sake.

DanArewa_Houston
Mu a Amurka rufin yawancin motocin roba ce ake shimfiɗawa, ana bin mahaɗa da wani gam mai malala da kansa irin na Dicor, kuma ba a kai fetur ko kananzir kusa da robar don kumbura ta yake yi. Naku na Turai daban ne, don haka ba zan ce ka sayi namu ba. Amma hanyar neman yoyo ɗaya ce ko'ina. Ka sami rana busasshiya, mutum ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje da tiyo. Ruwa a hankali kamar yayyafi, ban da injin wanki mai ƙarfi, shi zai tura ruwa inda ruwan sama bai taɓa shiga ba. Ku fara daga ƙasa ku yi sama, wuri ɗaya a lokaci guda, ku tsaya kamar minti goma kafin ku matsa. In ka fara daga rufi, ruwa zai wanke ko'ina, ba za ka san wace ƙofa ya bi ba.

Akwai kuma garejin da ke hura iska cikin motar a rufe, su fesa ruwan sabulu a waje, duk inda kumfa ya tashi nan ne rami. In ka rasa ta hanyar tiyo, ka tambaya ko akwai masu yi a kusa da kai.

Injiniya_Maradi
Kowa ya tafi rufi an bar famfo. Abban Hanifa, famfon naka wane iri ne? In wanda ke waje da tanki ne mai aiki da matsin ruwa, irin su Shurflo, to tashi da kansa na nufin matsi na zubewa ta wani wuri. Ka shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗar tiyo, ƙarƙashin tukunyar ruwan zafi, bayan masai, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka bar famfo a kunne ka dawo bayan awa guda. Takardar da ta jiƙe ta nuna maka. In duk sun bushe amma yana ci gaba da tashi, ruwan na komawa tanki ne ta cikin famfon kansa, datti ya hana bawul ɗinsa rufewa.

In kuwa irin wanda ake jefawa cikin tanki ne, kamar yadda motocin Jamus da yawa suke, shi ba ya jin matsi. Ƙaramin makunni ne a jikin kowane kan famfo ke tayar da shi, sai ka duba wanne ne ya maƙale. Ko wanne ne, ka riƙa kashe wutarsa in za ka bar motar.

Hajiya_Bilki_Wien
Ƙari a kan maganar Injiniya, mai hita irin Truma Combi ya sani akwai bawul da ke buɗewa da kansa in sanyi ya sauka wajen digiri 3, ya zubar da ruwan tukunya ƙasa don kada ƙanƙara ta fasa ta, kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya ɗumama ya haura digiri 7. Mutane da yawa sukan ga ruwa ƙarƙashin mota da asuba su ɗauka yoyo ne.

Injiniya_Maradi
Gaskiya ne Hajiya, amma motar 1996 na fi sa ran na hannu ne a jikinta, ɗan mariƙi da ake ɗagawa. Shi ya sa tsofaffin suka fi fashewa, in mai ita ya manta bai zubar ba. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, roba ko ƙarfe ba mai iya riƙe shi.

Bakanike_KofarRuwa
Ni daga Kano nake, ban taɓa gyara ɗakin irin wannan mota ba, amma Ducato kam mun sha ta, ta kaya da ta fasinja. Alhaji, ka ce inji lafiya lau. Yaushe aka canja bel ɗin taimin? Irin motocin nan ba sa yawo da yawa, sai mutum ya dubi kilomita ya ce da saura, alhali roba shekaru ke cinye ta. In babu takardar da ta nuna an canja cikin shekara biyar da suka wuce, ka canja shi da abin ɗaure shi tun bai tsinke ba. In ya tsinke a kan hanya, fistin zai daki bawul, kuɗin ya fi na rufin da kuke magana. Taya ma haka. Ka duba lamba huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefenta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In lamba uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, ko zanenta na nan sabo fil kada ka hau babban titi da ita. Sai man birki, shi yana shan danshi, duk shekara biyu ake zubarwa. Ka leƙa ƙarƙashi kuma ka ƙwanƙwasa shasi da guduma, ƙasarku ana zuba gishiri a titi lokacin sanyi.

Ummu_Sudais
Tunda yara za su kwana a ciki, ni gas ne damuwata. A Jamus gwajin lafiyar kayan gas na irin wannan mota, wanda ake kira G 607, duk shekara biyu ne, kuma tun Yunin 2025 ya zama dole. Tiyon gas da na'urar rage matsi ta kan tukunyar gas in sun shekara goma canjawa ake yi. Ka sa na'urar da ke ƙara in iskar nan mai kisa marar wari ta taru. Kuma in kana neman inda ruwa ke shiga, kada ka kuskura ka toshe ramukan shan iska na daɓe da na bayan firji, da gangan aka bar su.

Almajirin_Malam
Baban Zongo ya ce a sayar. Ina tunatar da mu cewa in za a sayar, wajibi ne a bayyana aibin ga mai saye. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Kuma asalinsa ma a kan abincin da ruwan sama ya jiƙa ne, mai shi ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa. Abban Hanifa, shi wanda ya sayar maka bai ce komai ba game da danshi?

Abban_Hanifa
Bai ce ba, Malam. Cewa ya yi a bushe take. Mutum ne kawai ba dila ba, kuma a takardar an rubuta babu garanti.

Zainabu_Bremen
Mai sayar da kayansa na kansa yana da damar cire garanti a dokar Jamus, amma wannan ba ya kare shi in ya san da aibin ya ɓoye da gangan. Sashe na 444 na BGB, kundin dokokin mu'amala na Jamus, ke nan. Wahalar ita ce tabbatar da cewa ya sani. In ka buɗe bango ka tarar da sabon fenti ko sabon allo an rufe ruɓaɓɓen katako, ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, ka nemi lauya ko ofishin kare masu saye. In kuwa ba alamar an taɓa wurin, da wuya ka ci riba a shari'a.

Baban_Zongo_HH
Malam, ban ce a ha'inci kowa ba. Akwai masu sayen irinsu da saninsu, su gyara ko su cire inji. Abin da nake nufi, mutum mai aiki da iyali, ga sanyi ya shigo, ba shi da rumfa, ina zai buɗe gaban mota a fili? Lissafi nake masa.

Dattijo_Zazzau
'Ya'yana, ni ban san motar ba, amma na tashi a gidan soro. Duk shekara kafin damina sai an hau an duba tsaga, an sake yaɓe, an share indararo. Wanda ya tsallake shekara biyu, azara ce za ta ba shi labari. Yadda na fahimci bayaninku, wannan ɗakin ma haka yake, gam ɗin da aka sa tun 1996 ya gama aikinsa. In ka gyara kusurwa ɗaya ka bar sauran, baɗi wata za ta buɗe.

Abban_Hanifa
Jama'a na dawo da bayani. Na auna kamar yadda Malam Kafinta ya ce. Bayan mota da gefen dama duk ƙasa da 15. Kusurwar hagu ta gadon sama ta haura 40, lambobin kuma suna raguwa in na yi baya, kafin ƙofar direba sun koma daidai. Kewayen tagar rufi 18.

Ni da ƙanina muka yi gwajin tiyo. Tagar gefe ba komai. Da muka kai ga 'yar fitilar nan ta saman goshin mota, ba a jima ba ya ƙwala mini kira, ruwa na bin wayar fitilar yana ɗiga ciki. Na kwance ta, robar bayanta ta bushe ta zama gari. Sannan na zare baƙar robar da ke rufe sukurori a jikin dogon ƙarfen da ya haɗa rufi da bango. Sukurorin gaba sun yi tsatsa jawur, biyu da yatsa na zaro su, ba abin da suka kama. Ban ga alamar an taɓa buɗe wurin ba, don haka maganar shari'a na bar ta.

Injiniya, famfon mai matsi ne. Takardar ƙarƙashin tukunyar ruwan zafi ce ta jiƙe, wata mahaɗar roba ta tsage siririn tsagu. Na canja, ya yi shiru. Yanzu na rufe goshin da tamfol. Tambayata, da me zan mayar da fitilar da ƙarfen?

Sarkin_Tasha92
To tunda an hana silikon, ka sa gam ɗin Sikaflex. Shi kam in ya kama ya kama har abada.

Kafintan_Leeds
Kamawar tasa ce ta sa ba ko'ina ake sa shi ba. Duk abin da sukuru ke riƙe da shi, taga, fitila, tagar rufi, wannan dogon ƙarfen, gam marar daskarewa ake sa masa a ƙarƙashi, irin Dekaseal 8936 da ke ko'ina a Jamus. Yana zama da danƙo, mota na murɗawa a hanya yana bin ta, ranar da kake son cirewa kuma ya saki. Abin da ya tsattsafo gefe ka bar shi ya kwana, ka dunƙula ɗan guntunsa ka riƙa dangwalawa, zai ɗebe sauran. Sikaflex na abin da ake so ya manne ne babu sukuru, kamar ƙafafun faifan sola. Kuma a ƙarƙashi ake sawa bayan an cire an goge tsohon, ba a shafa a kan gefe.

DanArewa_Houston
Ni a nan na saɓa da Malam Kafinta kaɗan. Na ga masu gyara da yawa suna manna irin wannan ƙarfen da Sikaflex 221 ko 522 kuma ya zauna shekaru. In katakon da sukuru zai kama ba shi da ƙarfi, mannewar ma taimako ce.

Kafintan_Leeds
In katakon ba shi da ƙarfi, katakon ake canjawa, ɗan'uwa. Abban Hanifa, kada ka rufe waje ka kulle ruwa a ciki. Ka yanke allon ciki daga wurin tabon, ka riƙa bi har ka iske katako fari mai ƙarfi wanda sukudireba ba ta shiga. Baƙin da ke marmashewa duk ka fitar. Ka bar wurin a buɗe da fanka da na'urar tsotse danshi har awo ya sauko ƙasa da 15, ko da zai ɗauki makonni. Sannan ka yanka sabon katako daidai kaurin tsohon, ka haɗa shi da lafiyayyen da gam da sukuru, ka mayar da soso da allo. Tun wurin na buɗe ka kashe fitila ka sa wani ya haska tocila daga waje, domin alminiyom da ya daɗe manne da jiƙaƙƙen katako yakan yi ƙananan huji kamar na allura. Kuma gam ɗin nan ba sa son sanyi ƙasa da digiri 5, wannan ya dawo da mu maganar rumfa da Baban Zongo ya yi.

Zainabu_Bremen
Manoma da yawa suna ba da hayar wuri a rumbunansu lokacin sanyi, ka tambaya a ƙauyenku. Wani abu kuma, in ta cika shekara 30 da rajistar farko kuma tana cikin kyakkyawan yanayi na asali, tana iya samun lambar H, wadda ake ba tsofaffin motocin tarihi. Harajinta kusan Yuro 192 a shekara, kuma dokar koren tambari ba ta hawa kanta. Don haka in za ka gyara ciki, ka yi ƙoƙari kada kamanninta su canja sosai.

Baban_Zongo_HH
Tunda awon ya nuna kusurwa ɗaya ce, na sassauto. Amma ina nan kan bakata cewa sai ka buɗe za ka san gaskiya. Ka duba daɓen gadon ma, wanda ke kan rufin direba, can ruwa ke taruwa.

Maman_Ilham
Katifar fa, Yaya? In funfuna ta shiga soson, wanki ba ya fitar da ita, kuma ba ta da kyau ga ƙirjin yara. Ka yar da ita ka yanko sabon soso.

Abban_Hanifa
Na fitar da ita tun jiya, Maman Ilham. Na yi magana da wani manomi, ya ce daga farkon wata akwai wuri, har da wuta. Bakanike, babu takardar bel, na sa a yi mini odarsa. Malam Kafinta, tagar rufin nan mai 18, in cire ta ita ma yanzu tunda zan shiga rumfa, ko in bar ta in sake aunawa bayan sanyi?

Injiniya_Maradi
Kafin Malam ya amsa, ka zubar da ruwan tanki da na tukunya yau, ka bar duk kan famfo a buɗe a tsakiya tsakanin zafi da sanyi. Rumbun manomi ba ya hana ƙanƙara.

Kafintan_Leeds
Ni cirewa zan yi, aikin yini ɗaya ne kuma gam ɗinta sa'an na fitilar ne. Amma ka fara turo hoton firam ɗinta daga sama mu gani, in robar ta tsattsage da rana gara ka sayi sabuwa. Yawancinsu ramin santimita 40 ne kowane gefe, ka auna naka kafin ka yi oda.